Ƙofar Ɗakin Zomayen Brigitte

Idan ka shiga unguwar Pumpumre a Garwa ka tambayi gidan Antoine, ba lallai a gane wanda kake nufi ba, don unguwar ba ta rasa masu sunan ba. Amma ka ce Antoine mai gadi, mijin marigayiya mai zomaye, nan take za a nuna maka lungun da ke bayan injin niƙa. Ka ji fa, har yau da matar ake kwatancensa, shi da ya tsufa a unguwar yana shiga yana fita. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, kuma magana ba ta dame shi ba. Ka gaishe shi da Fulatanci ya amsa da Fulatanci, ka yi masa Hausa ya mayar maka da Hausarsa ta kasuwa, daga nan sai ya yi gaba abinsa.

A kan dutse aka haife shi, can sama da Mokolo, inda sai an jera duwatsu an tare ƙasa kafin a samu wurin shuka dawa. Abin da ya fi tunawa a yarintarsa shi ne bijimin mahaifinsa. Mutanensu suna da wani biki da ake yi bayan 'yan shekaru, kuma saboda shi ake sayo maraƙi a sa shi a wani ɗakin dutse a tsakiyar gida, a toshe ƙofar, a bar 'yar kafa ta zuba ciyawa da ruwa. A nan zai zauna cikin duhu yana ci yana ƙiba, ba ya ganin rana sai ranar bikin, da za a fasa bango a fito da shi ana guɗa. Antoine ne mai kai ciyawar. Daga nan ya ɗauko karatun da ya riƙe har furfura: dabbar da kake so, ka rufe ta ruf, kada iska ko idon mutane su taɓa ta.

Da ya zama saurayi gonar ta yi wa 'yan'uwa kaɗan, sai ya gangaro Pitowa dakon auduga. A coci ya haɗu da Brigitte, ita ma 'yar dutse ce, gajeriya mai faɗa da dariya, tana sayar da soyayyar gyaɗa a tasha. Suka yi aure suka dawo Garwa, ya samu gadin dare a siton wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdussalam. 'Ya'ya biyu Allah ya bar musu, Lionel da Diane. Yanzu Lionel yana Duwala yana tuƙin babbar mota, Diane kuma aure ya kai ta Yawunde. Suna kira, ba a ce ba sa kira ba, amma irin kiran nan ne da kafin ka gama cewa lafiya lau an ce maka sai an jima.

Zomayen na Brigitte ne. Daga Mokolo ta taho da mace da namiji a cikin kwali, shekarar da ta je jana'izar mahaifiyarta, ta ce wa Antoine ya gina musu ɗaki a ƙarshen tsakar gida. Ya kuwa gina, irin ginin gidan ubansa, sai dai maimakon dutse ya sa bulo, maimakon ciyawa ya ɗora kwano. Ɗaki ya fito ƙarami, bango mai kauri, ƙofa siririya. Tun ana ginin ta ce masa ya bar taga a baya. Ya ce taga ta mece ce, zomo zai leƙa ya ga wa? Brigitte kuwa akwai surutu, amma ba ta maimaita wa namiji magana. Sai ta samo wani tsohon ƙyaure tana jingina musu da yamma.

Zomaye suka yi albarka. Tana sayarwa, tana kyauta, kuma duk wanda za a ci sai ta kai wa maƙwabcinsu Ɗanmalam ya yanka, don matarsa Mairamu da yaranta su samu su ci da ita. Tsakanin gidajen biyu katanga ce gajeriya, ta kanta matan ke miƙa wa juna gishiri da labari.

Abu ɗaya ne ya riƙa haɗa Antoine da matarsa faɗa. Yakan dawo daga gadi da safe ya kwanta, in ya farka rana ta take, sai ya tarar da ita zaune kan 'yar kujerarta a bakin ɗakin zomaye. Ta janye ƙyauren, ta gitta katako a ƙasa don kada su fito, ta ɗora tire a cinya tana ɓarar gyaɗa, gumi na zuba. Ga inuwar dalbejiya nan a tsakar gida, ga tabarma, amma ina, sai can cikin zarnin fitsarin zomo. Musamman da bazara, daga hantsi har la'asar ba ta motsawa. Ya yi mita har ya gaji. Ya ce zomaye sun fi mijinta daraja, ya ce wata rana rana za ta kayar da ita. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce, "Kai dai je ka ƙarasa barcinka, mai gadi."

Bayan damina aka rasa ta. Ciwon bai yi tsawo ba, an kai ta asibiti, ba ta dawo da ƙafarta ba. Yara suka zo aka yi abin da za a yi. Diane ta ce ya bi ta Yawunde, ya ce a'a. Lionel ya ce to a sayar da zomayen, wa zai yi ta fama da su? Antoine ya ƙi. Suka koma, gida ya yi tsit.

Alhaji Abdussalam ya tausaya masa, ga kuma idanu sun fara rauni, sai ya mayar da shi gadin rana. Hakan ya yi wa Antoine daidai, don gidan ba ya zaunuwa da rana. Ko ranar Lahadi da yake da hutu, daga coci sai ya zarce sito ya zauna kusa da mai karɓarsa har yamma. In ya dawo ya ɗora 'yar tukunya, ya ci a tsaye. Kewa ta dame shi ƙwarai, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne yarensu na dutse. Brigitte ce kaɗai yake yi da ita a duk lungun, ko yaran ma Faransanci suka fi ji. Sai ya koma yi da zomaye. Ya tsuguna yana zuba musu ganyen dankali da dusa, yana ba su labarin sito da yaren mahaifiyarsa, su kuma suna ta motsa hanci.

Cikin sanyi wani jan muzuru da ke yawo kan katangun unguwar ya ture tsohon ƙyauren ya ɗauke ɗan zomo ɗaya. Ran Antoine ya ɓaci. Shi da gadi ne sana'arsa, a yi masa sata a gida? Ya samo fallen kwano ya buga ƙofa sabuwa, ya sa mata sakata, ya cusa tsumma a duk inda haske ke shiga. Da ya gama ya tsaya yana kallon aikinsa, har ya ji daɗi a ransa, yana cewa da mahaifinsa na raye da ya yaba.

Sai bazara ta shigo. Wanda bai yi bazara a Garwa ba, kada ya ce ya san zafi. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi, kogin Binuwai ya janye ya bar yashi, masu moto, wato 'yan acaɓa, su yi ta neman inuwa kamar awaki. Wata yamma Antoine ya buɗe ƙofar kwanonsa ya tarar da zomo biyu a miƙe. Ya ce cuta ce, ya sayo magani ya zuba a ruwansu. Aka sake kwana biyu, wasu suka bi. Ya ce ko guba ce a ganyen, ya canza inda yake yankowa. Har zargin bakin mutane ya yi. Bai gaya wa kowa ba, sai ya haƙa rami bayan ɗakin ya binne, ya share wurin.

To ka ji inda taurin kan mutumin ya kai. Da ya ga mutuwar ba ta tsaya ba, ya zauna ya yi tunani, ya gano wai iskar zafi ce ke shiga ta tsakanin bango da rufi. Ya kwaɓa laka ya liƙe nan ma. A kan dutsensu ai haka ake yi, ɗakin dutse mai rufin ciyawa in ka toshe shi sanyi yake riƙewa. Bai taɓa kawo wa ransa cewa bulo da kwano a Garwa wani abu ne daban ba. Da sassafe yake fita, ɗakin da sanyinsa, da yamma yake dawowa, rana ta yi sanyi. Abin da ke faruwa a tsakani bai taɓa gani ba.

Kafin Ista saura mace ɗaya tal. Toka-toka ce, mai tsagaggen kunne, wadda Brigitte ke kira Madam saboda ba ta cin ganyen da ya kwana. Tana da ciki, namijin kuwa ya riga ya mutu. Antoine ya san abin da hakan ke nufi. In Madam ta tafi, babu sauran wani abu mai numfashi a gidan da hannun Brigitte ya taɓa shafawa. Tsoro ya kama shi sosai, har abinci ya daina shiga.

Zazzaɓi ne ya cece ta. Wata rana Alhaji ya ga Antoine na rawar sanyi a bakin sito, ya tare masa moto ya ce a kai shi gida. Rana tana tsaka. Bai shiga ɗaki ba, ya wuce wurin zomo ya zare sakata, kwanon ma sai da ya ƙona masa yatsa. Yana buɗewa wani hucin zafi ya bugi fuskarsa kamar an buɗe gidan burodi. Madam na kwance a ƙasa ta miƙe, kunnuwa sun yi ja, baki a jiƙe, cikinta na hawa da sauka da sauri. Ya ruga randa ya ɗebo ruwa, ya jiƙa hannu yana shafa mata a kunnuwa, yana kiran sunanta. Ya bar ƙofar a wangale. Sannu a hankali numfashin ya fara daidaita.

Ya ɗaga kai, sai ga jan muzurun nan kan katanga, ya kafa wa ƙofar ido. To, rufewa ba ta yiwuwa, tafiya ma ba ta yiwuwa. Zazzaɓi ya hana shi tsayuwa, ya leƙa madafa ya jawo abin da hannunsa ya fara kaiwa, 'yar kujerar Brigitte. Ya ajiye ta a bakin ƙofar. Ta yi ɗan gurgunta, ya gyara ta, sai ya ji ƙafafunta sun faɗa wani wuri sun zauna daram. Ya ɗaga ya duba. Ramuka ne huɗu a dandaɓaɓɓiyar ƙasar, daidai ƙafafun kujerar, waɗanda zaman shekaru ya haƙa. Ya mayar da ita ya zauna. Iska na wuce shi tana shiga ɗakin, muzuru na kallonsa ba shi da halin saukowa. Nan Antoine ya gane abin da matarsa ke yi a wurin.

Mairamu ta hau turmi za ta shanya kuɓewa a kan katanga, ta gan shi. Ta yi masa sannu, ta ce yau ya tuna mata da ƙawarta. Ya tambaye ta ko ta san dalilin zaman. Ta ce ai ta ɗauka ya sani. Da ya gaya mata zomaye sun ƙare saura ɗaya, ta yi salati, ta ce don me bai yi magana ba, ga su nan katanga ɗaya?

"Baban Lionel," in ji ta, "na taɓa ce mata ta sa ka fasa taga ta huta. Ta ce mini, maigidana tanda ya gina musu, amma kada ki faɗa masa, da zuciya ɗaya ya gina."

Antoine ya sunkuyar da kai. Mairamu ta ga haka ta sauka daga turminta ta ba shi wuri. Ya zauna nan har la'asar, zazzaɓi na cinsa, kunya da baƙin ciki na cinsa fiye da zazzaɓin. Shekara nawa yana yi mata gori a kan wannan zaman, ashe ɓarnarsa take gyarawa.

Amma zama ba zai yiwu masa kullum ba, akwai aiki. Dole a samu abin da zai bar iska ta shiga ya hana muzuru. Ya roƙi Alhaji hutun 'yan kwanaki. Da sassafe, tun ɗakin na da sanyi, ya je babbar kasuwa shagon Mahfuzu mai kayan gini ya ce yana son ragar waya. Mahfuzu ya warware masa irin ta kaji, ya ce a'a, ɓera zai wuce, maciji ma haka, a ba shi mai ƙananan ido. Ya haɗa da katako da ƙusoshi, ya ɗaure a bayan moto, ya iso gida kafin rana ta yi ƙarfi.

A bakin ƙofar ya yi aikin, zaune kan kujerar, ido ɗaya kan zarto ɗaya kan katanga. Antoine ba kafinta ba ne, kowa ya ga yadda yake riƙe guduma ya san haka. Ya auna ƙofar da igiya, ya yanka katako huɗu ya haɗa su, yana ɗagawa abin ya karkace ya zama wani iri. Ya kwance ya sake, ya sake karkacewa. Sai da ya tuna yadda ake tokare ƙofar rumbu a gida, ya gitta sanda ɗaya daga kusurwar ƙasa zuwa ta sama, sannan ta tsaya. Ragar kuma ta ɓangaren ciki ya buga ta, don ya san haƙorin zomo ba ya barin katako. Bakin wayar ya yayyanka masa yatsu, guduma ta sami babban yatsansa har farcen ya yi baƙi. Ya lanƙwasa kowane tsini ciki don kada ya soki Madam. Da ya zo rataye ta, ya yanko tsohuwar taya ya buga sama da ƙasa, ƙofa ta riƙa buɗewa tana rufewa ba ƙara. Ƙofar kwanon ya ciro ta ya jefar bayan madafa.

Ya tsaya a ciki ya ji. Iska na zuwa bakin ragar amma ba ta ratsawa, don ba ta da mafita. Ya san abin da ya rage, kuma shi ne ya fi masa wuya. Ya sa Madam a kwando ya ajiye ta ƙarƙashin dalbejiya kusa da ƙafarsa, ya zagaya bayan ɗakin da guduma. Rabonsa da ganin an fasa bangon dabba tun yana yaro, ranar bikin bijimin mahaifinsa, gida cike da dangi da giya da guɗa. Yau shi kaɗai ne, sai kurciya a kan rufi. Ya yi ta dukan bulon har ya ɓurma, daidai inda Brigitte ta nuna masa da yatsa tun ana gini. Ya rufe tagar da sauran raga, ya ɓanɓare lakar da ya liƙa, ya shimfiɗa zana a kan kwanon. Mairamu ta miƙo masa tsohon buhun algarara ta kan katanga, ta ce ya riƙa jiƙa shi yana ratayawa a jikin ragar. Da ya rataya, iskar da ke shiga ta yi sanyi har shi kansa ya ji.

Ranar da ya koma aiki, jikinsa ne kawai a sito. Duk mai moto da ya wuce sai ya ji kamar ya tare shi. Da aka tashi bai tsaya sallama da kowa ba. Ya shiga gida, tun daga nesa ya hango ta ta cikin ragar, zaune kan ƙafafunta tana tauna ganye, tsagaggen kunnen a tsaye. A ƙasa bakin ƙofar ga sawun muzuru nan, ya zo ya yi zagayensa ya koma.

Ba a daɗe ba wata safiya ya tarar ta tsige gashin ƙirjinta ta yi sheƙa a lungu, wasu 'yan jajayen abubuwa na motsi a ciki. Murna ta kama Antoine har ya rasa inda zai sa ta. Ya juya tsakar gida, ba kowa. Ya ɗauko waya ya kira Lionel, ya ce masa Madam ta haihu.

"Wace Madam, Papa?" in ji Lionel. Ana jin ƙarar mota a bayansa.

Antoine ya ce ba komai, dama lafiyarsa yake tambaya. Ya kashe wayar, ya koma ya tsuguna ya gaya wa Madam barka da yarensu.

Ƙofar tana nan har yau, ta ɗan karkace amma tana aikinta. Zomaye sun sake yawa, ba wanda ya ƙara mutuwa da zafi, kuma ba a bukatar kowa ya zauna musu. Sai dai tun daga wannan bazarar Antoine ya daina zarcewa sito ranar Lahadi. In an tashi daga coci gida yake dawowa. Lahadin farko Mairamu ta leƙo ta gan shi ya buɗe ƙofar ragar, ya gitta katako a ƙasa, ya saka ƙafafun kujerar a ramukansu, ya ɗora tire a cinya, rana na dukansa ga inuwar dalbejiya a banza. Ta yi dariya ta ce wannan wane irin abu ne, mutum ya sha wahalar yin ƙofa har da rasa farce, sannan ya buɗe ta ya zauna?

"Maman Rahma," in ji shi, "ƙofar ta ranakun aiki ce. Shekara da shekaru Brigitte tana gadi ina barci, ban taɓa karɓarta ba ko sau ɗaya."

Mairamu ba ta ƙara dariya ba. Ta sauka, jim kaɗan ta miƙo masa kwanon ruwan sanyi ta kan katanga. Ya karɓa ya sha, ya zuba sauran a kan buhun, ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Bai iya ba, rabi duk farfashewa take yi.